Babi na Biyar: Alƙalami Bayan Takardar Sallama

A cikin shekarar 1932, sa'ad da karayar tattalin arziki ta game ƙasar Amurka, bankuna suna ta rufewa, masana'antu suna sallamar ma'aikata dubu-dubu, har aka doshi lokacin da kusan mutum ɗaya daga cikin kowane huɗu na masu ƙarfin aiki yake zaune ba abin yi, sai wani kamfanin man fetur na birnin Los Angeles, mai suna Dabney, ya kori ɗaya daga cikin manyan jami'ansa, wani mutum da ake kira Raymond Chandler. Shekarunsa a lokacin sun kai 44, matarsa ta girme shi da shekara 18, ba shi da gona ba shi da gado, kuma babu kamfanin da yake marmarin ɗaukar mai furfura alhali ga samari nan cike da ƙofa suna neman ko da aikin masinja. Shekara bakwai bayan haka aka buga littafinsa na farko, kuma har yau ana karanta talifansa a harsuna da yawa, ana lissafa shi cikin gwanayen sarrafa Turanci na ƙarninsa.

Labari irin wannan yana da daɗin ji, musamman ga wanda aka miƙa wa takardar sallama, domin yakan tuna masa da maganar magabata cewa wani hani ga Allah baiwa ne, kuma magana ce ta gaskiya wadda ba mai jayayya da ita. Sai dai akwai wani ruɗu da yake ɓoye a cikin daɗin, shi ne mutum ya zaci korar ce ta haifi marubucin. Miliyoyin mutane ne suka rasa aiki a Amurka a wancan zamani, ba a kuwa rasa masu ilimi da masu sha'awar alƙalami a cikinsu ba, amma ƙalilan ne ƙwarai aka ga sunansu a bangon littafi. Abu biyu kaɗai kora take bai wa mutum, wato lokaci da larura. Koyon sana'ar, da sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa, da jure wa shekarun da ba wanda ya san da mutum, waɗannan duka a wuyansa suke. Saboda haka za mu bi sawun wannan mutum daki-daki, mu ga abin da ya aikata da hannunsa tsakanin ranar da aka kore shi da ranar da littafinsa ya shiga kasuwa.

An haife shi a birnin Shikago a 1888. Mahaifinsa injiniyan hanyar jirgin ƙasa ne wanda giya ta rinjaya har ya yi watsi da iyalinsa, don haka mahaifiyarsa ta ɗauke shi yana yaro ta kai shi Ingila, inda wani kawunsa ya ɗauki nauyin karatunsa a makarantar Dulwich da ke Landan. A nan ya sha nahawu da balaga na Latinanci da Girkanci, irin karatun nan da yake koya wa yaro yadda ake auna jimla, a san inda ta yi nauyi da inda ta yi sako-sako. Bai shiga jami'a ba. A 1907 ya ci jarrabawar shiga aikin gwamnati, aka ba shi kujera a Ma'aikatar Sojan Ruwa, amma bai daɗe ba ya ajiye aikin domin zuciyarsa tana ga adabi. Ya gwada aikin jarida, ya rubuta waƙoƙi da sharhin littattafai a wasu jaridun Landan, abin bai ci gaba ba, har a 1912 ya ranci kuɗin jirgi ya koma Amurka, yana ganin tsakaninsa da talifi an yi sallama ke nan. Wajibi ne mai karatu ya riƙe wannan, cewa mutumin da ya zauna koyon rubutu bayan an kore shi ya riga ya taɓa gwadawa ya kasa tun yana saurayi, kuma wajen shekara 20 ya yi bai sake neman a buga masa kome ba.

A Kalifoniya ya yi aikin tsinkar 'ya'yan itace, ya koyi lissafin kuɗi ta hanyar karatun wasiƙa, ya zama akawu a wani kamfanin madara. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi tsanani, ya shiga rundunar Kanada a 1917, ya ga mutuwa ido da ido a ramukan yaƙi na Faransa. A 1922 ya shiga kamfanin Dabney a matsayin mai duba lissafi, a daidai lokacin da rijiyoyin mai suke ta ɓullowa a kewayen Los Angeles, kuɗi suna kwarara, 'yan damfara suna sayar wa talakawa hannun jari na ƙarya, lauyoyi da 'yan siyasa da 'yan sanda kowa yana miƙa hannu. Saboda kaifin basirarsa ya yi ta hawa har ya zama mataimakin shugaban kamfanin, da albashi mai tsoka. Amma cutar da ta kayar da uban ita ta kama ɗan. Ya dulmuya cikin shan giya, yakan yi kwanaki ba a gan shi a ofis ba, ga kuma rashin kamun kai wajen mata, har ma'abota kamfanin suka gaji. Bai kamata a ƙawata wannan ba, domin ba zaluntarsa aka yi ba. Da hannunsa ya jawo wa kansa, kuma mataki na farko da ya ɗauka zuwa ga sabuwar rayuwa shi ne ya kame daga barasa a mafi yawan shekarun da suka biyo baya.

A wancan zamani akwai wasu mujallu masu araha a Amurka, ana buga su a kan takarda mara kyau, bangonsu cike da zanen bindiga da wuƙa, waɗanda leburori da matafiya suke saye su karanta su yar. Masu ji da ilimi ba su ɗauke su a bakin kome ba. Wadda ta fi shahara wajen labaran binciken laifuffuka ita ce Black Mask, wadda aka kafa a 1920, kuma a ƙarƙashin editanta Joseph Shaw ta tara marubuta irin su Dashiell Hammett da Erle Stanley Gardner. Chandler ya soma karanta su ne don rage lokaci, amma da yake idonsa ya horu da nazarin jimla, sai ya lura da abin da wasu malamai suka tsallake saboda girman kai: duk da kaushin da yake cikin rubutun, akwai ƙarfi da gaskiya a cikinsa, kuma yana magana da harshen da mutanen titi suke yi da gaske. Ya kuma lura da wani abu na maslaha, cewa a nan ne kaɗai mutum zai iya koyon ƙaga labari ana kuma biyansa ɗan wani abu yana cikin koyon. Wanda ya yi karatun Girkanci a Landan, ya kuma shugabanci ofis, ya yarda ya shiga ta ƙofar da ta fi kowace ƙanƙanta, tun da ita ce a buɗe.

Yadda ya koya shi ne zuciyar wannan babi. Bai zauna ya jira wahayi ba, bai kuma ce ilimin da yake da shi ya wadatar ba. Ya ɗauki wani labari na Gardner, ya karanta shi karatun mai bincike, ya fitar da ƙashin bayansa filla-filla: wa ya shigo, yaushe ya shigo, me aka ɓoye wa mai karatu, a wane shafi aka bayyana shi. Daga nan ya rufe mujallar, ya sake rubuta labarin da kalmominsa bisa wannan tsari, sa'an nan ya buɗe ya gwama nasa da na mai shi, ya ga inda ya gaza, ya koma ya sake, ya kuma sake. Da ya gama bai kai wa kowa ya saya ba, domin ya san ba nasa ba ne, darasi ne kawai. Bayan shekaru ma shi da kansa ya rubuta wa Gardner wasiƙa ya gaya masa abin da ya yi. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san wannan hanya, domin haka almajiri yake kwaikwayon hannun malaminsa, ya rubuta ya wanke, ya rubuta ya wanke, har ranar da hannunsa zai tsaya da kansa. Abin lura shi ne mai yin wannan a nan dattijo ne wanda jiya-jiya ake tashi tsaye in ya shigo ofis, kuma tawali'un da ya sa ya mai da kansa ɗalibi ya fi fasaharsa wuyar samu.

Labarinsa na farko, mai suna Blackmailers Don't Shoot, ya ci masa wata biyar yana rubutawa yana gyarawa, alhali 'yan uwansa marubutan mujallun nan wasunsu a cikin mako guda suke gama irinsa. Ya fito a Black Mask a watan Disamba na 1933. Ƙa'idar biya kuwa ita ce santi ɗaya a kan kowace kalma, wato kalma ɗari dala ɗaya, don haka ladan wahalar wata biyar ya tsaya a dala 180, abin da bai kai ko kusa da albashinsa na wata ɗaya a kamfanin mai ba. Mai lissafi irinsa ya fi kowa sanin cewa wannan ciniki ba ya riƙe gida. Da ba don wasu tsofaffin abokai da suka riƙa tallafa masa ba, da kuma ƙana'ar matarsa Cissy, wadda ta yarda suka riƙa ƙaura daga wannan ɗakin haya zuwa wancan suna neman mai rangwame, da wuya ya kai labari na biyu. Littattafan tarihi sukan ambaci sunan mawallafi su manta da waɗanda suka riƙe masa tukunya, alhali da wuya a sami wanda ya ƙetare irin waɗannan shekaru shi kaɗai.

Daga 1933 zuwa 1939 ya rubuta labarai kimanin 20, na farkonsu a Black Mask, na baya kuma a wata mujalla mai suna Dime Detective bayan Shaw ya bar aiki a 1936. Kaɗan ne ƙwarai in an gwada da na abokan sana'arsa, kuma saboda haka talauci bai sake shi ba, amma kowane labari ya fi wanda ya gabace shi tsabta. Yana da wasu dabaru na horon kai waɗanda suka cancanci a ambata. Yakan yanka takarda biyu ya sa rabi a keken rubutu, domin in shafi ya ɓaci sake buga shi ba zai yi nauyi ba, kuma domin ya tilasta wa kansa kada ko ɗan guntun shafi ya wuce ba tare da wani abu mai rai a cikinsa ba. Daga baya kuma ya bayyana ƙa'idarsa game da lokaci, cewa marubuci ya keɓe wajen sa'a huɗu a kowace rana. Ba dole ne ya rubuta kome a cikinsu ba, amma haramun ne ya yi wani abu dabam, ba karatu, ba amsa wasiƙa, ba duba mujalla. Hikimar a fili take, domin mutumin da ya rasa aiki ya rasa har da agogon da yake tashinsa da shugaban da yake tsare shi, in kuwa bai naɗa wa kansa wani shugaba daga cikin ransa ba, sai kwanaki su zube ya rasa inda suka shiga.

A 1938 ya ga hannunsa ya nuna, ya ɗauko biyu daga cikin tsofaffin labaransa, ya warware su, ya saƙa su wuri guda, ya faɗaɗa, cikin wata uku ya fitar da cikakken littafi. Shi ne The Big Sleep, wanda maɗaba'ar Alfred Knopf ta New York ta buga a farkon 1939, marubucin yana da shekara 50. A cikinsa ne duniya ta san Philip Marlowe, mai binciken sirri da ake ɗauka haya, talaka mai tsare mutuncinsa a cikin birnin da kusan kowa yake da farashi. A nan ne kuma amfanin shekarun da ake gani kamar sun salwanta ya bayyana. Gidan attajiran da labarin yake kewayawa a kansu da man fetur suka yi arziki. Lauyoyin da suke rufe ɓarna, da 'yan sandan da suke karɓar na goro, da masu kuɗin da suke sayen shirun mutane, duk ya zauna da irinsu a teburi ɗaya shekara goma. Abin da ya sa littafin ya bambanta da na sauran shi ne haɗuwar abu uku a hannun mutum ɗaya: nahawun da ya koya a Dulwich, da sanin duniya da ya samu a kamfanin da ya kore shi, da sana'ar da ya koya a mujallu masu araha. Da ɗaya ya ɓace daga cikin ukun, da ba a sami littafin ba.

Ko a nan ma arziki bai zo da gaggawa ba. Littattafai uku suka biyo baya tsakanin 1940 da 1943, masana suna yabo, amma kuɗin da suke shigowa ba su taka kara sun karya ba, sai da aka fara buga su da bango mai laushi a farashi mai sauƙi, kuma kamfanin sinima na Paramount ya ɗauke shi a 1943 a kan dala 750 kowane mako don ya rubuta wasan Double Indemnity tare da Billy Wilder. Shekara 11 ke nan daga kora zuwa yalwa. Kuma domin kada a ɗauka ɗaukaka tana warkar da kowane ciwo, ya kamata a faɗa cewa da kuɗi suka dawo giya ma ta dawo, kuma bayan rasuwar Cissy a 1954 ya lalace ƙwarai, har ya rasu a 1959 ya bar littattafai bakwai. Ƙuncin da ya gyara shi ya fi yalwar da ta biyo baya yi masa alheri, kuma a cikin wannan akwai abin lura ga masu hankali.

Kada a ce wannan ya keɓanta da mutum ɗaya ko zamani ɗaya, ga misali na biyu daga Ingila, wanda ya saɓa wa na farko ta fuskar sababi amma ya dace da shi ta fuskar hanya. James Grant ya yi shekara 18 yana aiki a gidan talabijin na Granada da ke Manchester, aka sallame shi a 1995 yana da shekara 40, ba don wani laifi nasa ba, sai don kamfanin yana rage ma'aikata. Ya sayi takarda da fensir, ya zauna a gida ya rubuta littafi, aka buga shi a 1997 da sunan Killing Floor, shi kuma ya ɗauki laƙabin Lee Child. Jarumin littafin, Jack Reacher, tsohon soja ne wanda ya bar aiki sa'ad da ake rage runduna, wato marubucin ya zuba ɗacin da yake ransa a cikin labarin maimakon ya bar shi ya cinye shi. Nasararsa ta fi ta Chandler sauri, amma ba daga sama ta faɗo ba, domin shekarun nan 18 ya yi su ne yana lura da abin da yake riƙe mai kallo a kujera da abin da yake sa shi ya tashi, kuma da gangan ya zaɓi irin labarin da ya san jama'a suna saye.

Mu ma nan ƙasar Hausa mun ga yadda ƙaramar ƙofa take kai mutum nesa. Sa'ad da tattalin arzikin Nijeriya ya tsuke a shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya daga buga ƙagaggun labarai, sai matasa maza da mata a Kano da kewayenta suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, suna kai wa 'yan kasuwa. An raina su kamar yadda aka raina mujallun Amurka, an ce takardarsu ba ta da kyau, an ce soyayya ce kawai. Amma daga cikinsu ne aka sami In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Masu karatu ne suka ɗaga su tun kafin jami'o'i su waiwaye su.

To, kai da aka sallama daga aiki, kake kuma jin alƙalami yana kiranka, ga abin da nake roƙonka da shi. Fara da gyara tsakaninka da kanka: in da laifinka a cikin abin da ya faru, ka tuba ka bar halin, in kuwa zaluntarka aka yi, kada ka bari ƙiyayya ta cinye maka lokacin da ya zama shi ne dukan jarinka. Haƙƙin iyali yana gaba da burin talifi, saboda haka kada ka raina wata ƙaramar sana'a da za ta kawo cefane, kuma ka gaya wa mai ɗakinka ko maigidanki gaskiyar lissafi, domin shekaru ake magana, ba watanni ba. Zaɓi marubucin da ka yarda da gwanintarsa, ka warware aikinsa ka ga yadda aka ɗinka shi, amma abin da ka kwaikwaya ya tsaya a akwatinka, domin sayar da shi cin amana ne. Ka rubuta abin da ka sani daga ofis ko kasuwa ko asibiti ko barikin da ka fito, gama wannan ilimi ne da babu wanda zai karɓe maka shi da takardar sallama. In ka gama, ka kai wa wanda zai gaya maka gaskiya ko da ta yi ɗaci, sa'an nan ka nemi jarida ko mujalla ko gasa ko maɗaba'a, kome ƙanƙantarta, ka miƙa. Tawakkali na gaskiya yana tafiya tare da riƙon sababi, kuma sababin marubuci shi ne ya zauna ya rubuta. Keɓe sa'o'inka tun daga gobe bayan sallar asuba, ka kiyaye su kamar yadda ka kiyaye lokacin shiga ofis, Allah ya sa albarka a cikin abin da za ka rubuta.